Kurakuran da magina ke yi wajen zaɓen ƙafa-uku ta na'urar leza

Magini zai yi watanni yana tara kuɗin na'urar leza mai kyau, wato mai haska layi lebur don awon gini, amma da an zo kan ƙafa-ukun da za a ɗora ta, sai ka ji ya ce a ba shi kowace iri, ai tsayuwa ce kawai. Wannan magana tana damuna, domin na ga aikin da ta ɓata.

Wata damina muna awon jamin fulo, wato daɓen kankaren da ake zubawa a kan harsashi, a wani gini a Birnin Kebbi, ta ɓangaren da ke gangara wajen fadama. Alamomin da muka yi da safe da waɗanda muka yi bayan azahar suka saɓa da kusan faɗin yatsa. Da na tambayi yaron da ke riƙe da sandar awo ko wani ya taɓa na'urar, sai ya ce, "Maigida, ai ko an taɓa ta, ita ke daidaita kanta." Gaskiya ya faɗa, amma rabinta. Leza tana gyara karkata, yawancinsu har zuwa digiri 4 ko 5, sai dai ba ta gyara tsayi. Idan ƙafa ɗaya ta nutse a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ko sandar tsakiya da na'urar ke zaune a kanta ta zame ƙasa, na'urar za ta sake miƙe layinta lebur a sabon tsayin ta ci gaba da haskawa kamar ba abin da ya faru. Wasu manyan na'urorin, masu juyawa da haskensu, suna da ƙararrawar da ke sanar da hakan, in an kunna ta, amma ƙananan da muka fi saye ba su da ita. Ranar, ƙafar roba ce muka dasa a kan laka.

Saboda haka kafin kuɗi, kafin launi, a tambayi ƙasar da za a yi aiki a kanta. Yashin Argungu da lakar fadama suna son ƙafa mai tsinin ƙarfe da wurin takawa, a danna kowace da ƙafa har ta daina shiga. Kan tayil ko kankaren da aka goge kuwa tsini zamewa yake yi, nan roba ake so, da sarƙa ko maɗaurin da ke hana ƙafafun baɗewa. Wanda ke aikin waje da na ciki ya nemi mai tsini da hular roba da ake cirewa. Kuma ko wace iri ka saya, da ka kafa na'urar ka ja alama a jikin bango ko turken da ba ya motsi, ka riƙa komawa kanta duk bayan ɗan lokaci. In layin ya bar alamar, a tsaya.

Kuskure na biyu shi ne sayen tsayi da ido. Mai shago zai juya hannun, sandar tsakiya ta tashi har mita 3, mai saye ya ji daɗi. Amma duk abin da sandar ta ƙara na tsayi, ta ƙara shi ne a rawa. Kamata ya yi ƙafafun su ɗauki yawancin tsayin, sandar kuma a bar mata ƙarashen, wato ɗan hawa da saukar da ake yi don layin ya faɗa daidai kan linta ko alamar silin. Mai aikin silin da fi'ofi ya auna tsayin ɗakunan da ya saba yi, ya sayi wadda za ta kai can ba tare da an zare sandar gaba ɗaya ba. Mai tayil da harsashi kuma ya duba iyakar saukarta, domin yawancin dogayen ba sa sauka ƙasa da mita 1. Da yawa sai sun isa wurin aiki suke ganewa, su koma ɗora na'urar a kan bulo.

Sai sukurun da ke kama na'urar. Iri biyu ne: 5/8 na inci ga manyan masu juyawa da kayan safiyo, 1/4 na inci ga ƙananan masu layi, irin na kyamara. Akwai adafta tsakaninsu. A tafi shago da na'urar a hannu a ɗaura a gani. Kada a ɗora babbar leza a kan ƙafar kyamara don sukurun ya shiga. Nauyin ya fi ƙarfinta.

Inda araha ba ta ado shi ne wajen haƙoran da ke ɗaga sandar da kuma makullinta. Wasu haƙoran roba ne, wata biyu sun cinye. Ga gwajin da nake yi: in ɗaga sandar rabi, in kulle, in danna kan da tafin hannu, sannan in murɗa shi hagu da dama. In ya sauka ko da kaɗan, ko ya yi kaɗa-kaɗa, na ajiye. Haka maɗauran ƙafafu, a duba ko suna da noti da za a iya ƙara matsewa idan sun saki, domin sai sun saki.

Game da abin da aka ƙera ta da shi, alminiyam ba shi da nauyi kuma ya isa yawancin aikinmu. Yana buɗewa da zafi, amma a tsayin mita 2, buɗewar da ƙarin zafi na digiri 20 ke jawowa ba ta kai milimita 1 sosai ba. Abin da na fi tsoro shi ne iska: iskar da ke zuwa gabanin hadari tana kifar da marar nauyi da leza a kanta, gyaran kuma ba a kusa yake ba. A buɗe ƙafafun sosai, a rataya buhun yashi a tsakiya.

Da hunturu kuma ƙura ce ke cin haƙoran. Mutane kan shafa giris da yawa don hannun ya yi laushi, ƙurar ta manne ta zama kamar sanfefa. Busasshen buroshi bayan an tashi aiki ya fi, a sauke sandar har ƙasa, a kulle, a sa ta cikin jakarta kafin a ɗora a kan babur.