Za ka sayi kyamara mai canjin lensi? Kar ka zuba kuɗin duka a jikinta

Idan ka gaji da hoton waya, yaro na gudu ya fito a dagule, magariba ta yi komai ya koma dishi-dishi, to kila lokacin kyamara mai canjin lensi ya yi. Amma tun kafin ka fara zagayen shagunan Ahmadu Bello Way a Kaduna ko ka tura wa masu kawo kaya daga Legas saƙo, ka sa abu ɗaya a ranka, jikin kyamara tsufa yake yi a canza shi, lensi ne zai zauna da kai shekara da shekaru. In ka cinye kuɗin duka a jiki wallahi ka yi asara.

Iri biyu za a nuna maka, DSLR mai madubi a ciki da kuma marar madubi. DSLR ita ce mai ɗan nauyin nan da masu hoton biki ke ratayawa, kamfanoni sun karkata ga marar madubi yanzu shi ya sa DSLR ta hannu ta yi sauƙi, ga lensi tuli a kasuwa, kuma batirinta na daɗewa, Nikon D3500 misali tana yin hoto wajen 1,500 a caji ɗaya, Sony a6000 marar madubi kuwa ba ta kai 400 ba, ga yanayin wutarmu ka san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Marar madubi ta fi rashin nauyi, tana nuna maka yadda hoton zai fito tun kafin ka danna, sababbin irin Canon R50 ko Sony a6400 suna kama idon mutum su bi shi. In bidiyo na ranka je can. In hoto kawai ne kuma aljihu ba nauyi, ni dai DSLR ta hannu zan ce.

Maganar megafiksel kar ta ɗauke maka hankali, 18 ko 24 ya ishe ka har ka wanke babba ka manna a falo. Masu babbar sensa kuma, wato ɗan faifan da ke kama hoto a cikin kyamara, bar su tukuna, lensinsu kaɗai zai kwashe ka.

Abin da mutane ke mantawa shi ne bakin da lensi ke shiga. Na Canon ba ya hawa Nikon, kai ko a cikin Canon ɗin ma akwai EF, akwai RF, akwai EF-M. M50 mai bakin EF-M kyamara ce mai kyau amma Canon ta daina wannan layin, lensinta ba ya hawa sababbin RF, ka san da haka kafin ka biya. Duba me abokanka ke riƙe, in duk Canon ce sayi Canon, ko ba komai za ka ari lensi da caja ranar suna.

Fara da lensin 18-55mm da ke zuwa tare da kyamarar. Daga baya ka ƙara 50mm f/1.8, shi ne mai narkar da bayan mutum fuska ta fito tar, kuma ba tsada sosai. Sai dai a ƙaramar sensa irin ta kyamarorin nan yana matsowa kamar 75mm ko 80mm, a ɗaki sai ka ja baya har ka bugi bango, in cikin gida ka fi ɗauka 35mm ya fi. Masu Nikon D3000 da 'yan uwanta ku nemi mai rubutun AF-S, tsohon AF-D ba zai saita kansa ba.

To wajen saye. Tafi da memorinka, kar ka yarda da "oga ai sabuwa ce fil, ko wata biyu ba ta yi ba". A duba maka adadin hoton da ta taɓa ɗauka, ƙananan kyamarorin nan ana kiyasta musu wajen 100,000, in ta kusa can a rage kuɗi ko ka yi gaba. Haska fitilar waya cikin lensi, in ka ga zare-zare kamar yanar gizo, fumfuna ce, ajiye musu kayansu. Tsuke ƙofar hasken lensi zuwa f/16 ka ɗauki farin bango ko sama, ɗigo-ɗigo baƙi ƙura ce a sensa, wannan ana gogewa, amma layi ko tabo mai launi matsala ce. Danna kowane maɓalli, juya duk abin murɗawa, cire batir ka ga ko ya kumbura.

Ƙura kuma, hunturun Kaduna ba ya wasa. Kashe kyamara, kifa bakinta ƙasa, canza lensi da sauri, in da hali a cikin mota ko ɗaki. Sayi ɗan famfon roba na hura iska, kar ka hura da baki kar ka goge da gefen riga. Da damina jefa 'yan ƙunshin nan da ke zuwa cikin kwalin takalmi a jakar, suna tsotse danshi.

In ta zo hannu murɗa ta zuwa A ko Av, inda kai ke zaɓar ƙofar haske ita ta saita sauran, ka fita da la'asar, wurin shaƙatawa na Gamji ko bakin kogi. Tambayi mutum kafin ka ɗauke shi, musamman mata, kuma kusa da bariki ko shingen sojoji mayar da ita jaka kawai.