Kwanson harsashi ya maƙale a mamatsi: kurakuran da aka fi yi da yadda ake gyara su

A Amurka, inda doka ta ba mutum damar sake ɗura harsasan bindigarsa a gida, da yawa daga cikin mafarauta da masu gasar harbi ba sa zubar da kwanson da suka harba. Tsincewa suke yi, su wanke, su mayar da shi girmansa na asali, sannan su sake amfani da shi. A Najeriya ba haka abin yake ba, domin dokar makamai ta 1959 ta hana ƙera harsashi ko haɗa shi ba da izinin hukuma ba. Saboda haka wannan bayani na wanda ke zaune a inda doka ta amince ne.

Matsalar da kusan duk mai wannan aiki yake cin karo da ita ita ce kwanso ya shiga mamatsi ya ƙi fitowa. Kafin a yi maganar gyara, gara a san abin da ke faruwa a ciki. Kwanson harsashin doguwar bindiga tagulla ne, kashi 70 jan ƙarfe, kashi 30 tutiya. Idan aka harba, ƙarfin iskar da ke cikinsa yana da yawan gaske: a harsashin .308 Winchester iyakar da aka ƙayyade ta kai fam 62,000 a kan kowane murabba'in inci, a .223 Remington kuwa 55,000. Wannan ƙarfi yana kumbura kwanson har ya cika mazauninsa a cikin bindiga. Yakan ɗan koma baya kaɗan, amma ba ya komawa yadda yake da farko. Shi ya sa ake cusa shi cikin mamatsi, wani guntun ƙarfe mai tauri da aka raraƙe cikinsa daidai surar kwanso, a yi amfani da inji mai hannu a danna shi ciki da ƙarfi.

Shiga ba ta da wuya, saboda dukkan gindin kwanson ake turawa. Fita ce matsalar. Abin da ke jawo shi waje ɗan siririn leɓen da ke kewaye da gindinsa ne kawai, wanda mariƙi, wato ɗan ƙarfe mai tsagi da ke riƙe gindin kwanso a jikin injin, yake kamawa. Idan riƙon da bangon mamatsi ya yi wa kwanson ya fi ƙarfin wannan leɓe, sai leɓen ya yage, hannun inji ya saki, kwanson ya zauna daram a ciki.

Mai, da rashin haƙuri da shi

Mafi yawan maƙalewa daga mai take farawa. Wani ya manta gaba ɗaya, ya ɗauki kwanso daga tarin da bai shafa wa komai ba. Wannan maganinsa mai sauƙi ne: kwano biyu, ɗaya na shafaffu, ɗaya na busassu, kada su zauna gefe ɗaya na tebur.

Akwai kuma wanda ya saba da harsasan ƙaramar bindiga. Kwanson yawancin waɗannan miƙaƙƙe ne, kuma mamatsinsu yakan zo da zoben kabaid, wani ƙarfe mai tsananin tauri, a baki, wanda ke matse kwanso ba tare da mai ba. Sai mutum ya ɗauka haka ake yi ko'ina. Kwanson doguwar bindiga mai kafaɗa da wuya, irin na .223 da .308 da .30-06, yana haɗuwa da bangon mamatsi daga sama har ƙasa a lokaci guda, kuma dole a shafa masa mai. Ko da mamatsin na kabaid ne, irin wanda kamfanin Dillon ke yi wa .223 da .308, ba a keɓe shi daga mai ba.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne na man fesawa, domin mai shi ya yi abin da ya kamata, gaggawa ce kawai ta kayar da shi. Man fesawa irin Hornady One Shot, da wanda mutane ke haɗawa a gida da lanolin, wato man gashin tumaki, a cikin sifirit mai ƙarfin kashi 99, duk tsarinsu ɗaya ne. Ruwan da ka gani ba shi ne man ba, ɗan aike ne kawai da ya kawo shi. Sai ya bushe ya tafi sannan man ya zauna a jikin tagullar. Wanda ya fesa ya cusa nan take, kusan busasshen kwanso ya cusa. A girgiza gwangwanin sosai kafin fesawa, a fesa ta gefe fiye da ɗaya, a bar shi 'yan mintoci har sai an taɓa an ji santsi ba danshi ba.

Inda ake shafawa ma yana da muhimmanci. Wurin da ya fi kauri, ya fi turjiya, shi ne kashin ƙasa na jikin kwanson, kusa da gindi. Nan ne ake buƙatar mai. Da yawa sukan jera kwansuna a tsaye cikin faranti mai ramuka su fesa daga sama, mai ya sauka a wuya da kafaɗa, gindin da ke ɓoye cikin rami bai samu komai ba. Ni a ganina, ga wanda ba dubbai yake yi ba, babu abin da ya kai man kaki na shafawa da yatsa, irin Imperial da kamfanin Redding ke sayarwa. Ka dangwala kaɗan, ka murza kwanson tsakanin yatsu, kowane ɗaya ya bi ta hannunka, ba yadda za a yi ka tsallake wani ba ka sani ba.

Kada kuma tsoron maƙalewa ya sa a labta mai. Idan ya taru a kafaɗa, ba shi da hanyar fita, sai ya lotsa kafaɗar. Mamatsai da yawa suna da ɗan rami a gefe don iska da rarar mai su fita. Idan ya toshe, a buɗe shi da siririn tsinke.

Sabon mamatsi yakan zo da man hana tsatsa, wanda ba man matsi ba ne. A kwance shi, a wanke, a goge. Amma a tuna mamatsin da aka wanke tas busasshe ne, don haka kwanson farko da na biyu suna buƙatar shafa mai kyau fiye da na bayansu.

Abin da ba laifin mai ba

Mariƙi ne na gaba. Lambobin mariƙi ba ɗaya suke ba tsakanin kamfanoni. Na .308 da .30-06 a wajen RCBS lamba 3 ne, a wajen Lee lamba 2. Na .223 a RCBS lamba 10 ne, a Lee lamba 4. Wanda ya haddace lamba bai haddace kamfani ba zai iya ɗaura mariƙin da ya ɗan yi wa kwanson yawa. Zai shiga, zai tura, amma wajen jawowa gefen leɓen kawai zai kama. Haka ma mariƙin da ya cinye, ko wanda datti ya cika masa tsagi har kwanso ba ya shiga ya kai ƙarshe.

Sai kwanson soja. A Amurka ana sayar da kwanson 7.62 da aka harba sau ɗaya, yawancinsa ƙirar masana'antar Lake City da ke jihar Misuri. Tagullarsa tana da kyau, amma wanda aka harba a bindiga mai sarrafa kanta yakan fito a kumbure fiye da kima, saboda mazaunin harsashin irin waɗannan bindigogi yana da yalwa. Irin wannan ba a cusa shi da bugu ɗaya. A shafa kaki sosai, a danna rabi, a dawo da shi, a sake shafawa, a ƙarasa. Idan mamatsin irin mai matse gindi ne fiye da na yau da kullum, kulawar ta ninka.

Kwanso mai ƙura ko yashi yana karce bangon mamatsi, karcen ya riƙa kama ɓurɓushin tagulla, daga nan kowane kwanso ya fito da zane a jiki kuma yana ƙara tauri. Wanda aka wanke da ruwa da ƙananan ƙusoshin ƙarfe har yana ƙyalli shi ma yana da tasa matsalar: cikin wuyansa ya yi kaushi, ƙululun buɗa wuya, wanda ke kan sandar da ke tsakiyar mamatsi, yana kamawa wajen fita. Ɗan garin girafait a cikin wuyan yana magance wannan.

A duk waɗannan, hannu yana ba da labari kafin abin ya faru. Wanda ya matse kwanso hamsin ya san nauyin da hannun inji yake yi. Idan na hamsin da ɗaya ya yi tauri tun daga rabi, ko ya yi ƙara, a tsaya nan. A wannan matsayi yawanci yana fitowa lafiya. Wanda ya ce bari in ƙarasa da ƙarfi, shi ne zai kwana yana neman diril.

Bayan ya maƙale

Da leɓe ya yage, kwanson ya riga ya tafi, ba a ceton sa. Mamatsin ake ceto, kuma yawancin mamatsan da suka lalace ba maƙalewar ce ta lalata su ba, ƙoƙarin cirewa ne. Wani zai kama ɗan gindin da ya leƙo da filaya yana murɗawa, ya ƙara yage shi. Wani zai cusa sukudireba tsakanin tagulla da ƙarfe, ya karce bakin mamatsin, karcen da zai riƙa bayyana a jikin kowane kwanso daga ranar. Wani zai danne mamatsin a bayis tsirara, haƙoran bayis su cinye tiredin. Wani kuma zai kawo wuta. Wuta ta fi duka muni: tagulla ta fi ƙarfe buɗewa idan ta ji zafi, ga shi zafi mai yawa yana sassauta taurin ƙarfen. Sanyi ne ke taimakawa. Idan mamatsin ya kwana a firiza, tagullar takan ƙanƙance fiye da ƙarfen, ɗan man ratsa tsatsa irin Kroil kuma yana ƙara sauƙi.

Idan leɓen gefe ɗaya kawai ya yage, a sassauta mamatsin a juya shi yadda lafiyayyen gefen zai shiga mariƙi, a gwada ja a hankali. Sau ɗaya. Idan bai zo ba, a bar shi.

Mamatsin Lee yana da tasa hanya, domin sandar tsakiyarsa ba tiredi ke riƙe da ita ba, wani noti ne mai matsewa. A sassauta notin da sifana biyu, a ɗora fanci mai kaurin inci 3/16 a kan sandar, a buga da guduma, sandar ta tura kwanson ya faɗo ta ƙasa. Kada a kwaikwayi wannan da mamatsin da sandarsa siririya ce mai tiredi, lanƙwashewa za ta yi.

Sauran kuwa, hanyar da aka sani ita ce huda da tiredi. RCBS da Hornady da Redding duk suna sayar da kayan cirewa, kuma abin da ke cikin na RCBS bakin diril ne lamba 7, da taf mai yanka tiredin 1/4-20, da ƙusa mai tiredi, da ɗan kofin ƙarfe, da alanki. Wanda ba shi da su zai iya haɗawa da soket ɗin da ya fi gindin kwanson faɗi da 'yan washa.

Kafin diril ya taɓa komai, a duba gindin kwanson. Idan faraima, wato ɗan kofin da ke tayar da wuta, tana nan kuma ba a harba ta ba, ba a hudawa, ba a bugawa. A tuntuɓi kamfanin da ya ƙera mamatsin, da yawansu suna karɓar irin wannan aiki. Idan ramin fanko ne ko faraimar harbabbiya ce, sai a ci gaba, da tabarau a ido.

Farko a kwance sandar tsakiya a ja ta sama iyakar inda za ta je. Ba za ta fita ba, saboda ƙululunta yana cikin kwanson, amma dole ta kauce wa bakin diril. Mantawa da wannan ne ke sa mutum ya ceci mamatsi ya yi asarar tsinken cire faraima da ƙululu. Sannan a kife mamatsin, gindin kwanson yana kallon sama. Ko a riƙe shi a bayis da fata ko katako a tsakani, ko kuma, abin da ya fi, a ɗaura shi a injin ta ƙasa, tiredin injin ya riƙe shi. A huda ta ramin faraima, a miƙe, a tsaya da zarar an ji bakin ya ratsa. A ɗiga mai a kan taf, a juya gaba kaɗan, a dawo baya kaɗan don ɓurɓushi ya karye. Taf ƙarfe ne mai tauri amma mai saurin karyewa, kuma idan ya karye a ciki aikin ya zama biyu. A kife kofin a kan bakin mamatsin, a zura ƙusar ta cikinsa ta kama sabon tiredin, a riƙa ɗaurewa da alanki sannu a hankali. Za a ji ta yi tauri, sannan ta saki, kwanson ya taso cikin kofin.

Idan tiredin ya zame, galibi ramin ne ya karkace ko aka yi amfani da bakin diril da ya fi lamba 7 girma. Akwai sauran dama: a kai mamatsin firiza, sannan a yanka tiredi mafi girma kaɗan, muddin bai kusanci bangon ƙarfen ba.

Ƙululun yakan fito a cikin kwanson. A yanka kwanson biyu da mayankin bututu a ciro shi, kada a fizge. A mirgina sandar a kan tebur a ga ko ta lanƙwashe, domin lanƙwasasshiyar sanda tana karkata wuyan kwanso. A wanke mamatsin daga ɓurɓushin huda, a haska cikinsa da tocila. Idan an ga jan tabo a bango, tagulla ce ta manne, a cire ta da ruwan wanke jan ƙarfe na bututun bindiga, ba da takardar yashi mai kaushi ba. Sai a duba tsagin mariƙi, sau da yawa guntun leɓen da ya yage yana nan a ciki. Bayan an gama matse sauran kwansunan kuma, a goge man da ke jikinsu tas, domin lokacin harbi ana son kwanso ya kama bangon mazauninsa, kuma mai santsi yana tura ƙarfin baya zuwa kan makullin bindiga.