Yadda Ake Kula da Hawainiya a Hunturun Zariya

Duk wanda ke kiwon hawainiya a Zariya zai ga ta canza hali daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu. Abinci ya ragu, motsi ya ragu, koren jikinta ya koma ƙasa-ƙasa ko ma ya yi duhu, ta lafe a reshe guda har rana ta ɗaga. Masu sabon kiwo sukan ɗauka ciwo ne. Galibi ba ciwo ba ne. Hawainiya ba ta samar wa jikinta ɗumi kamar kaza ko akuya, daga rana take samu. To a Disamba da Janairu sanyin asuba a nan yakan sauko wajen digiri 12 zuwa 15, kuma hazo ya tare rana har hantsi. Jikin da bai ɗumama ba ba ya narkar da abinci, shi ya sa ba ta nemansa.

Tawa ’yar gida ce, irin wadda ake tsinta a shingen gonaki da lambunan Samaru. Wasu kuma na sayen na waje, musamman mai dogon tukku ’yar asalin Yaman da kudancin Saudiyya. Bayanin nan ya shafe su duka, sai dai wadda asalinta dajin Madagaska ne ta fi su wahala a wurinmu, don can ta saba da laima.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne, bushewar iska ta fi sanyin haɗari. A tsakiyar hunturu laimar iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana. Kai da leɓenka ya tsage sai ka shafa man kaɗe ka sha ruwa. Ita kuwa ba ta shan ruwa a kwano, ko ta kwana kusa da shi. Ɗigon da ke bisa ganye take lasa, kuma a wannan lokaci raɓa ta yi ƙaranci. Don haka ka sayi robar feshi sabuwa, wadda ba a taɓa zuba maganin ƙwari a ciki ba, ka riƙa fesa wa ganyen kejin ruwa mai ɗan ɗumi da hantsi, sannan bayan la’asar. Ganyen za ka fesa, kada ka watsa mata a fuska. Kada kuma ka yi sauri. Takan ɗau minti biyu ko uku tana kallon ruwan kafin ta fara motsa baki tana haɗiya, kuma in ka tsaya a kanta ba za ta sha ba. Ni nakan ja da baya in zauna a bakin ƙofa. Ƙari a kan haka, ka huda gindin gorar ruwa da allura, ka ɗora ta a saman keji, ta riƙa ɗiga a kan ganye a hankali, da kwano a ƙasa yana tara abin da ya zubo.

Kashinta ne zai gaya maka ko tana sha. Yana zuwa kashi biyu: baƙi-baƙi, da wani fari a gefe, wanda shi ne fitsarinta. In farin nan ya fito fari tas, ko da ɗan ratsin rawaya a baki, lafiya lau. In ya koma ruwan goro ya bushe ƙamas, ƙishirwa ta kama ta, sai ka ƙara feshi. Ido ma shaida ne. Na mai lafiya a cike yake, ya turo waje yana juyawa. Wanda ya faɗa ciki kuwa, an makara da ruwa.

Sai ɗumi. Da safe ka fitar da kejin inda rana ke fara sauka, a jikin bangon da ke tare iskar arewa maso gabas. Ka tsaya ka kalla, abin sha’awa ne. Za ta bi reshe da tafiyar nan tata ta gaba ɗaya baya ɗaya, ta juya wa rana gefe, ta baje haƙarƙari har ta zama fale-fale, ɓangaren da ke fuskantar rana ya yi duhu don ya kwashi zafi, ɗayan yana nan da haskensa. In ta ƙoshi sai kore ya dawo, ta shige inuwa, idanu su fara farauta. Wannan duhun na safe ba abin damuwa ba ne. Amma ko da sanyi, ranar azahar a Zariya tana kaiwa digiri 30, saboda haka rabin kejin ya kasance cikin inuwa. In ka gan ta a rana baki buɗe, jiki ya yi fari, zafi ya yi yawa.

Ranar ta zama ta fili. Wadda ta ratso gilashin taga tana da zafi, amma gilashi na tare hasken UVB, wanda da shi fatarta ke haɗa bitamin D3 har ƙashi ya samu sinadarin kalsiyam. Hawainiyar da ta rasa shi ƙafafunta ke lanƙwashewa, muƙamuƙi ya yi laushi, ta riƙa faɗowa daga reshe. Mu da muke da rana kyauta bai kamata mu ga wannan ciwo ba.

Ranar da buji ya rufe gari ba za ka fitar da ita ba. Ka kunna mata ƙwan lantarki mai zafi, irin na da, mai wat 40 zuwa 60, don ƙwan LED ba ya ɗumama komai. Ka sa shi a waje, saman keji, tazarar santimita 20 zuwa 30 daga reshen da take hawa, zafin wurin ya tsaya tsakanin digiri 29 da 32. Ka sa bayan hannunka a kan reshen, in ba ka iya jurewa to ita ma zai ƙona mata baya. Da magariba ka kashe. Tana buƙatar duhu sosai, kuma sanyin dare daidai gwargwado ba ya cutar da ita. Ka dai shigar da kejin ɗaki, ka lulluɓe gefe uku da tsohon zane. In an ɗauke wuta kada ka ce za ka taimaka mata da kaskon gawayi ko fitilar kananzir, haka ma turaren wuta da maganin sauro na ƙonawa. Hayaƙi ya fi sanyin yi mata illa.

Abinci shi ne inda aiki yake, don bayan kaka fara na ƙaranci. Babba ta wadatu da gyare ko fara uku zuwa huɗu, yau a ba ta gobe a tsallake, kuma in ta ƙi ci na ’yan kwanaki alhali jikinta bai zube ba, ƙyale ta. Ƙarama mai girma ce ke son ci kullum. Ka ba ta bayan ta sha rana, ba da yamma ba, kuma ƙwaron kada ya wuce faɗin kanta. Ka tara gyare a bokiti mai murfin raga, ka ciyar da su karas da kabewa da ganyen zogale, don abin da ke cikinsu shi ke shiga jikinta. Kafin ka miƙa, ka barbaɗa musu garin kalsiyam, ko ɓawon ƙwai da aka dafa aka daka ya yi laushi lilis. Kada ka kamo ƙwari a lambunan fadama na bakin Galma ko Kubanni, lokacin noman rani ne, feshi ake yi wa tumatir da kabeji. Fara mai cin tumfafiya kuma, mai ado ɗin nan, dafin bishiyar na jikinta. Mutane ba sa cin ta, hawainiyarka ma kada ta ci.

Keji na raga ya fi, dogo a tsaye, da shuka mai rai a tukunya don ta riƙe laima. Yakuwa ko rama sun yi, wannan karon dai ba sai hawainiya ta kiyayi ramarka ba. Guda ɗaya a keji, ba sa son zaman tare. Ka riƙa wanke ƙurar ganyen, don tana shiga mata ido. In tana saɓa fatar ta maƙale a yatsu ko bakin wutsiya, ka ƙara feshi, kada ka ja da hannu.

Akwai alamun da ba na hunturu ba ne: rufe ido da rana tsaka, zama a ƙasan keji, riƙon reshe ya yi rauni, yauƙi a baki, ɗaga hanci sama tana numfashi da ƙyar ko da ɗan ƙara. Ko ɗaya ka gani, ka kai ta wurin likitan dabbobi a ranar. Muna da Asibitin Koyarwa na Dabbobi a Jami’ar Ahmadu Bello. Ka sa ta a kwali mai huji da ɗan reshe a ciki, ka tafi da sabon kashinta a leda, don waɗanda aka kamo a daji sau da yawa suna ɗauke da tsutsar ciki. Mace ce kaɗai ke da uzurin sauka ƙasa, in ciki ya cika tana neman wurin haƙa ramin da za ta zuba ƙwai. Ita sai ka ajiye mata bokitin yashi mai danshi, zurfin santimita 30, ka ba ta wuri.