Shawara ga masu bin tsohon layin dogo da keke

'Yan'uwa, in za ku bi tsohon layin dogo a yankin tsaunuka, kada sauƙin hawan ya ruɗe ku. Jirgin ƙasa ba ya jure tudu mai tsauri, shi ya sa hanyar ke hawa sannu-sannu, amma fa tana da nisa. Wahalar tana inda aka rushe gada: nan ake gangarawa kwari, a sake haurawa da gumi.

Ku sa taya mai faɗin milimita 40 ko fiye, ku ɗan rage iska, domin tsakuwar layin dogo manya ce masu kaifi. Don Allah kada ku manta fitila, ramukan da aka fasa cikin duwatsu akwai duhu, ga danshi da santsi.