Yadda ake ƙirga nau'o'in tsirrai a fili da kwadarat

A shekarar farko ta karatun bayoloji a jami'a, akwai firaktikal ɗin da ake fitar da ɗalibai daga ɗakin gwaje-gwaje zuwa fili, a ba kowane rukuni wani firam mai kusurwa huɗu, a ce su auno yawan nau'o'in tsirran wurin. Firam ɗin shi ne kwadarat. Dabarar ta daɗe, domin tun 1898 Frederic Clements da Roscoe Pound suka yi aiki da ita a ciyayin jihar Nebraska ta Amurka, kafin shi Pound ya bar tsirrai ya zama shahararren malamin shari'a a Harvard. Hikimarta ba ta da wuyar ganewa. Ba mai iya ƙirga kowace ciyawa a hekta guda, don haka sai a ɗebi 'yan gurabe a ƙirga su tsaf, su wakilci sauran. Ashe ke nan nauyin aikin duka yana kan yadda aka zaɓi guraben. In nan ya karkace, babu lissafin da zai miƙe shi.

Tambaya da lokaci

Kada ku fita da niyyar ganin "abin da ke wurin" kawai. Ku ɗauki wurare biyu da za ku gwada: filin da dabbobi ke kiwo kullum da wanda aka killace, ko ƙarƙashin inuwar darbejiya da sarari, ko fadama da tudu. Ku rubuta abin da kuke zato tun kafin ku taka filin, tare da dalilinku.

A ƙasar Hausa lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen damina, daga Satumba zuwa farkon Oktoba. A lokacin ne gamba da kyasuwa da ƙarangiya suka fid da kai, kuma da kan ciyawa ake gane ta. Ganyen ciyayi kama suke yi da juna ƙwarai, har gwani yakan yi shakka. In jadawalin makaranta ya jefa muku firaktikal ɗin cikin rani, bayan kiwo da gobarar daji sun share ƙasa, to ku koma kan itatuwa da ƙananan bishiyoyi irin su sabara da kargo da aduwa da magarya, ku kuma faɗaɗa kwadarat ɗin zuwa mita 10 sau 10 ko 20 sau 20. A kula da gawo: shi da damina yake zubar da ganye, ya yi kore shar da rani. Ɗalibin da bai san haka ba zai gan shi tsirara a watan Agusta ya rubuta "matacce".

Kaya

Fayif ɗin roba na masu gyaran famfo guda huɗu, kowane mita ɗaya, da mahaɗan kusurwa huɗu, sun isa kwadarat ɗin ciyayi. Miƙaƙƙun sanduna da aka ɗaure da kyau ma suna yi. Sai tef ɗin awo mai mita 30 ko 50, turaku, igiya, ledoji, tsofaffin jaridu, da fensir, don biro ba ya jure jiƙaƙƙiyar takarda. Ku sa rufaffen takalmi da dogon wando. Kububuwa ba ta da girma kuma launinta ya saje da ƙasa, ga shi ita ce kan gaba wajen saran da ake kaiwa asibitin masu saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe. Kada ku cusa hannu inda ido bai gani ba. Ruwan tumfafiya kuma kada ya kusanci ido. In filin ba na makaranta ba ne, a fara gaida mai gona ko mai unguwa a nemi izini.

Shata fili

In ciyayi za ku ƙirga, ku shata murabba'i mai mita 20 sau 20 a kowane wuri. Wajen daidaita kusurwa ku yi yadda magina ke yi in za su fitar da harsashin gini: daga turken kusurwa ku auna mita 3 a gefe ɗaya, mita 4 a ɗaya gefen, sannan ku yi ta gyara igiya har tsakanin alamomin biyu ya zama mita 5 cif. Ku shimfiɗa tef ɗaya ta gefen kudu, ɗaya ta gefen yamma. Yanzu kowane gurbi a filin yana da lamba biyu, ta gabas da ta arewa.

Zaɓen gurabe

A nan ya kamata a natsu. Ido yana da son zuciya. In aka bar mutum ya ajiye kwadarat inda ya ga dama, zai kai shi inda furanni suka yi kyau, ko inda babu ƙaya, ko inda ƙirgar za ta yi sauƙi, kuma ba zai ma san ya yi haka ba. Akwai masu juya baya su wurga firam ɗin ta kan kafaɗa, suna ganin sun fita haƙƙi. Ban yarda da wannan ba. Mai jifa ya riga ya zaɓi inda zai tsaya da inda zai fuskanta, kuma ƙarfin hannunsa ne ke yanke nisan, shi ya sa gefunan fili kusan ba sa samun rabo.

Ƙuri'a ita ce mafita. Ku rubuta lambobi daga 0 zuwa 19 a 'yan takardu, ku naɗe, ku zuba a hula. A zaro ɗaya a rubuta, a mayar, a girgiza, a sake zaro wata. Lamba ta farko mitocin da za a taka ne zuwa gabas, ta biyu zuwa arewa, inda suka haɗu nan za a ajiye kusurwar kudu maso yamma ta kwadarat. Mayar da takardar dole ne, in ba haka ba lambar da ta fita ta daina samun dama. In lambobi biyun da suka taɓa fitowa tare sun sake fitowa, a sake ja. Kalkuletar kimiyya tana da maɓallin Ran# da ke yin wannan aiki. Ku gama fitar da lambobin duka kafin ku shiga filin.

To, ga gwajin gaskiya. Ƙuri'a za ta jefa ku kan gidan tururuwa, ko kan fako inda ko tsiro ɗaya babu, ko tsakiyar ƙarangiya. Kada ku matsa ko taki ɗaya. Gurbin da babu komai a rubuta masa sifili, domin fakon ma yana cikin labarin filin. Wanda ya tsallake shi ya ƙara wa filin albarkar da ba shi da ita.

In abin da kuke bi sauyi ne daga wuri zuwa wuri, kamar daga bakin ruwan fadama zuwa tudu, ƙuri'a ba ita ce hanya ba. Sai ku ja igiya miƙe daga ruwa zuwa sama, ku riƙa ajiye kwadarat bayan kowace mita 5, ku ga inda kachala ko aya-aya suka ƙare, inda ciyayin tudu suka karɓa.

Ƙirga

Mutum ɗaya ya ƙirga, ɗaya ya rubuta, na uku ya bi bayan mai ƙirga. Saiwa ake dubawa: tsiron da gindinsa ke ciki shi ne na ciki, ko da ganyensa ya leƙa waje. Wanda gindinsa ya faɗa daidai kan fayif, ku tsayar da doka ɗaya tun farko, misali na gefen arewa da gabas a ƙirga, na kudu da yamma a bari, kuma kada dokar ta sauya har a tashi.

Tafasa da rai-ɗore da gogamasu suna ƙirguwa ɗaya bayan ɗaya. Kiri-kiri kuwa yaɗo take yi tana kafa saiwa a gaɓa-gaɓa, ba a sanin inda wannan ta ƙare wata ta fara. Irin wannan ba a ƙirga ta, sai dai a kimanta kason ƙasar da ta rufe. Ku ɗaura zare a firam ɗin ya rabu gida 25, kowane gida kashi 4 cikin ɗari ke nan. Jimillar kason duk tsirran tana iya wuce ɗari, don wani na ƙarƙashin wani, wannan ba kuskure ba ne. Amma lambobin kaso da na ƙirga kada su haɗu a lissafi ɗaya.

Kwadarat nawa ya isa? Mafi ƙaranci goma a kowane wuri, amma filin ne zai gaya muku. Bayan kowane gurbi ku rubuta jimillar nau'o'in da kuka gani zuwa yanzu, ku zana ta a jadawali. Layin zai hau da sauri da farko, sannan ya fara kwanciya. In ya kwanta, gurabe uku ko huɗu a jere ba sabon abu, kun kusa tattara abin da ke wurin. In har yana hawa a na goma, ku ƙara. Adadin da kuka yi a wuri na farko shi za ku yi a na biyu.

Suna

Tsiron da ba ku sani ba kada ku yi masa cinta. Ku kira shi "nau'i A", ku ɗauki hotonsa, ku ciro samfurin irinsa a waje da kwadarat, da saiwa da fure ko 'ya'ya in akwai. A shimfiɗa shi tsakanin jaridu, a danne da kwali da katako da wani abu mai nauyi, a riƙa sauya jaridar kullum har ya bushe, in ba haka ba ya yi fumfuna. A haɗa da takarda mai ɗauke da rana, wuri, sunan mai ɗauka da launin furen, don launi yakan gushe. Ma'ajiyar busassun tsirrai, irin ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, nan ake kai irin wannan a gwada da na ajiye.

Makiyayi ko tsohuwar da ke ɗiban ganyen miya sukan fi ɗan aji ɗaya sanin tsirran filin nesa ba kusa ba, ku tambaye su. J. M. Dalziel ma daga bakin mutane ya tattara sunayen da ya buga a ƙamus ɗinsa na tsirrai da Hausa a 1916. Sai dai rahoto yana buƙatar sunan kimiyya mai kalma biyu, tsarin da ya kafu da littafin Linnaeus na 1753, saboda sunan gida yana bin gari. Bishiyar da wani ke kira darbejiya, wani bedi yake ce mata, wani maina, wani dogon yaro, duk kuwa Azadirachta indica ce. In 'yan rukuni daga garuruwa daban suke, ba wuya bishiya ɗaya ta shiga takarda sau biyu.

Lissafi

Abu uku na farko masu sauƙi ne. Yawan nau'o'i shi ne adadin nau'o'in da kuka samu. Cunkoso shi ne jimillar tsiron a raba da faɗin da aka ƙirga: tafasa 60 a kwadarat goma masu murabba'in mita ɗaya-ɗaya, 6 ke nan a kowace murabba'in mita. Yawan bayyana kuwa, in ta fito a gurabe 8 cikin 10, kashi 80 ne cikin ɗari.

Yawan nau'o'i kaɗai yana ɓoye abu. Shi ya sa ake amfani da ma'aunin da Edward Simpson ya wallafa a mujallar Nature a 1949. Ga yadda ake yi. Kowane nau'i a ninka adadinsa da adadin da aka rage wa ɗaya, a tara sakamakon duka, a raba da jimillar tsirrai da ita ma aka ninka da kanta da aka rage wa ɗaya. Abin da ya fito shi ne D, sai a cire shi daga 1.

Mu ƙaddara lambobi don misali. A fili na farko an sami tafasa 60, rai-ɗore 25, gogamasu 10, tumfafiya 5, jimilla 100. Tafasa 60 sau 59, 3540. Sauran su ba da 600 da 90 da 20. A tara, 4250. A raba da 100 sau 99, wato 9900, a sami 0.43. A cire daga 1, saura 0.57. A fili na biyu nau'o'in nan huɗu ne dai, amma 30, 25, 25, 20. Wannan ya ba da 870 da 600 da 600 da 380, jimilla 2450, a raba da 9900 a sami 0.25, a cire daga 1 saura 0.75. Filayen biyu kowane nau'i huɗu gare shi, amma a na farko tafasa ta danne kowa. Ma'anar 0.75 ita ce, in ka tsinko tsiro biyu ido rufe, sau 75 cikin 100 za su fito nau'i daban-daban. A rahoto ku fayyace ko D kuka kawo ko 1 a cire D, domin littattafai sun sha bamban, kuma fassararsu kishiyar juna ce. Wasu malamai sun fi son ma'aunin Shannon na 1948, wanda ya fi kula da nau'o'in da ba su da yawa. Teburin ƙirgarku ɗaya zai yi wa duka biyun.

Rahoto

Ku rubuta rana, wuri, girman kwadarat, adadinsa, yadda aka ja ƙuri'a da dokar gefe, yadda wani zai iya maimaita aikin ba tare da ya tambaye ku ba. Ku sa ɗanyen teburin yadda yake, har da sifilai da su "nau'i A". Wajen bayani ku tsaya inda hujjarku ta tsaya. In filin kiwo ya fito ƙasa da killataccen, abin da kuka nuna shi ne waɗannan filaye biyu sun bambanta a wannan rana. Ba ku tabbatar kiwo ne sanadi ba, don wataƙila ɗaya jigawa ce ɗaya laka, ko an taɓa noma ɗaya, ko ruwa ya fi kwanciya a ɗaya. Mai son ɗora laifin a kan kiwo sai ya auna filayen kiwo da yawa da killatattu da yawa. Hanya mafi sauƙi a aji ita ce kowane rukuni ya ɗauki nasa filaye biyu, a bi ƙa'ida ɗaya, a haɗa teburan duka a allo kafin kowa ya fara rubuta bayaninsa.