Kurakuran da aka fi yi a tafiyar jirgin ruwa zuwa fiyod ɗin Norwe

Kuskuren da ya fi tsada ana tafka shi ne tun mutum yana gida bai ɗaure kaya ba. Tallan kamfanonin jiragen ruwa cike yake da hotunan wurin ninkaya da manyan ɗakunan cin abinci, sai mutum ya zaɓi jirgi don kyansa, ya biya kuɗi, bai ko buɗe jadawalin tafiyar ba. Alhali kuwa jadawalin nan shi ne ainihin hajar da ake sayar masa: ina jirgin zai shiga, a wane wata, kuma awa nawa zai tsaya.

Fiyod wani dogon mashigin teku ne mai zurfi da ƙanƙara ta sassaƙa tsakanin duwatsu dubban shekaru da suka wuce, da ta narke ruwan teku ya cika gurbin. Mafi tsawo a Norwe shi ne Sognefjord, ya kutsa cikin ƙasa sama da kilomita 200, zurfinsa a wani wuri ya kai kimanin mita 1,300. To, tafiye-tafiye da yawa suna ɗauke da sunan fiyod a takarda, amma in ka duba tashoshin sai ka ga Oslo, Kristiansand, Stavanger da Bergen. Birane ne masu kyau, sai dai na bakin teku ne. Wanda yake son ya ga dutse tsaye a kansa dama da hagu, ruwa na zubowa daga ƙololuwa, ya nemi sunaye irin su Geiranger, Flåm, Olden, Skjolden ko Eidfjord a jadawalin. In babu ko ɗaya daga cikinsu, a ganina gara ya nemi wani jirgin. Ko da akwai Flåm ɗin ma, a sani cewa Nærøyfjord, wanda UNESCO ta sanya cikin wuraren gado na duniya tare da Geirangerfjord a 2005, ya ƙuntata har zuwa kusan mita 250 a wani wuri, kuma manyan jirage ba sa kai mutane can ciki. Ƙaramin jirgi ake hawa daga Flåm zuwa Gudvangen, tafiyar kusan awa biyu, da tikitinsa daban.

Daga nan sai maganar wata. Akwai masu biyan kuɗi a watan Yuli suna sa ran ganin hasken nan mai kore da shunayya da ke rawa a sararin arewa. Ba za su gan shi ba, domin sai da duhu ake ganinsa, a lokacin kuwa arewacin Norwe babu dare. A Tromsø rana ba ta faɗuwa daga wajen 20 ga Mayu zuwa wajen 22 ga Yuli. Hasken sama na tsakanin ƙarshen Satumba da Maris ne, ranar tsakar dare, wato ranar da ba ta faɗuwa, ta bazara ce, ba a haɗa su a tafiya ɗaya. Ita ma ranar tsakar dare sai jirgin ya haura arewa sosai, ya wuce wajen Bodø. A Bergen dare yana gajarta ne kawai. Mai son ganin ruwa na ambaliya daga kan duwatsu ya zaɓi ƙarshen Mayu ko Yuni, lokacin da ƙanƙarar saman tsaunuka ke narkewa. Magangarar nan ta Geiranger da ake kira 'yan'uwa mata bakwai, zuwa ƙarshen Agusta in an yi ƙarancin ruwan sama wasu daga cikin bakwai ɗin sun zama siririn zare.

Wasu kuma suna rikita jirgin gaɓar teku da jirgin shaƙatawa. Na gaɓar tekun, Hurtigruten, tun 1893 yake zirga-zirga a gaɓar Norwe, yau yana bin tashoshi 34 tsakanin Bergen da Kirkenes, yana ɗaukar fasinjan gari da kaya. A ƙananan tashoshi tsayawarsa minti goma ko sha biyar ce, wani sa'in ma cikin dare. Tafiya ce mai daɗi ga mai son ganin yadda mutanen gaɓa ke rayuwa, amma wanda ya ga tashoshi 34 ya ɗauka zai zaga garuruwa 34 zai sha mamaki.

Takardu su ne inda mai fasfon Najeriya ko Nijar ya fi shiga uku. Norwe ba ta cikin Tarayyar Turai, amma tana cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da biza ɗaya ke shigar da mutum dukansu, don haka bizar Shengen ake buƙata, da inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, da fasfo mai sauran aƙalla wata uku bayan ranar fita. Matsalar tana ɓoye ne a tashar da jirgin zai taso. Da yawa daga cikin masu araha daga Southampton ta Ingila suke tasowa, wato biza biyu ke nan, ta Birtaniya da ta Shengen. Wanda ya taso daga Hamburg, Kiel, Kwapanhagan ko Amsterdam biza ɗaya ta ishe shi, sai fa in jirgin zai ratsa ta wata tashar Sikotlan, wadda ke cikin Birtaniya, a tsakiyar tafiya: nan ya fita daga Shengen ya sake shiga, bizar shiga sau ɗaya ba za ta yi ba. Kada mutum ya ce ai ba zan sauka a can ba. A bakin ƙofa ma'aikatan jirgi ke duba takardun duk ƙasashen da za a bi, in ba su cika ba su hana shi hawa, kuma galibi kuɗin ya tafi ke nan. Ba a fafe gora ranar tafiya. A rubuta wa kamfanin a tambaye su a rubuce kafin a biya ko sisi. Haka nan a iso garin da za a tashi kwana ɗaya kafin ranar, domin jirgin sama daga Abuja ko Kano in ya yi lattin awa shida, na ruwa ba zai jira ba.

Wannan rashin jiran shi ne dokar kowace tasha. Ana rubuta lokacin komawa jirgi a allo kusa da matakalar sauka, yawanci rabin awa kafin tashi. In ka bi yawon da jirgin ya shirya, motarku ta makara, za a jira ku. In ka kama gabanka kai kaɗai ka makara, sai ka nemi hanyar riskar jirgin a tasha ta gaba da kuɗin aljihunka, a ƙasar da kuɗin tasi ke sa mutum zufa cikin sanyi. Preikestolen misali ne mai kyau. Dutsen yana tsaye mita 604 a saman Lysefjord, hotonsa ne a kusan kowace talla, amma daga Stavanger sai an yi tafiyar mota, sannan a taka da ƙafa kimanin kilomita 8 zuwa da dawowa, awa huɗu ga mai ƙarfi. Jirgin da zai tsaya awa bakwai bai ba ka sararin wannan ba, sai dai ka hau ƙaramin jirgi ka kalli dutsen daga ƙasa. A kuma daidaita agogo da na jirgin. Norwe a bazara tana gaban Najeriya da awa ɗaya, tana gaban Ingila ma da awa ɗaya, waya kuwa takan canza lokaci da kanta ba ta yi shawara da kowa ba.

Ba ina cewa dole a sayi kowane yawo daga hannun jirgi ba. Nasu ya fi tsada, kuma a Bergen, Ålesund da Trondheim ƙafa kaɗai ta wadatar. Amma jirgin ƙasan Flåm, mai hawa kilomita 20 daga bakin ruwa zuwa Myrdal a tsayin sama da mita 860, kujerunsa kan ƙare ranar da babban jirgi ya sauke dubban mutane a ƙauyen. Wannan a saye shi ta intanet tun da wuri.

Wuraren tarihi su ne aka fi zalunta. A Bergen mutane sukan tsaya a bakin titi su ɗauki hoton jerin gidajen katako masu launi na Bryggen, su juya su shiga kantin tsaraba, sun gama. Abin kallon yana baya. Shiga lungunan da ke tsakanin gidajen: ƙasa katako, bango katako ya karkace da tsufa, sama ga baranda da ƙugiyar jan kaya, ga warin tsohon itace da kwalta. Nan 'yan kasuwar Jamus na ƙungiyar Hansa suka kafa ofishinsu a wajen 1360, suna sayen busasshen kifi daga tsibiran Lofoten suna kawo hatsi. Gidajen da ake gani yau an sake gina su ne bayan gobarar 1702, a kan tsohon tsari. Tsoron gobara ya sa aka hana hura wuta a cikinsu, sai a wasu ɗakunan taro da ke can baya, Schøtstuene, inda ake girki ana jin ɗumi. Kuma kifin da ya gina unguwar ba baƙonmu ba ne: shi ne busasshen kifin nan mai tauri da ake kira okporoko ko panla a kasuwanninmu, Najeriya na cikin manyan masu sayensa daga Norwe har gobe.

Tsofaffin majami'un katako ma akwai ruɗani a kansu. Guda 28 suka rage a ƙasar. Wadda aka fi kai baƙin Bergen, ta Fantoft, an ƙone ta a 1992 aka sake gina ta, don haka kwafi ce. Ta Urnes, ta wajen shekarar 1130, wadda ke cikin jerin UNESCO tun 1979, tana can gefen Lustrafjord, ta fi sauƙin zuwa in jirgi ya tsaya a Skjolden. Ta Borgund ana zuwanta daga Flåm ta ramin Lærdal, hanyar mota da aka huda cikin dutse, mai tsawon kilomita 24.5. Ko mutum ba Kirista ba ne, aikin sassaƙar ya isa a je a gani: macizai da dabbobi sun sarƙe da juna a jikin ƙofa, itace ya yi baƙi ƙirin saboda kwaltar da ake shafa masa ƙarni bayan ƙarni. Ba a taɓawa, kuma yawancinsu a bazara kawai suke buɗe. A Trondheim akwai babbar majami'ar Nidaros da aka gina a kan kabarin Sarki Olav, wanda aka kashe a yaƙin Stiklestad a 1030. Ålesund kuwa gobarar Janairun 1904 ce ta cinye ta, shi ya sa tsakiyar garin duk ginin dutse ne na salo ɗaya. Matakala 418 ake hawa zuwa saman dutsen Aksla a hango shi duka. Mai niyyar ganin jiragen Vikin, mayaƙan teku na zamanin da, a Oslo ya bincika tukuna, domin an rufe gidan tarihinsu a 2021 don faɗaɗa shi.

Akwai kuskure ɗaya da ke ba ni haushi fiye da sauran, shi ne barci. Jirgi yakan shiga fiyod da asuba don ya isa tasha da safe, wato mafi kyawun ɓangaren tafiyar yana wucewa ne tsakanin ƙarfe biyar da bakwai, yawancin fasinja na ƙarƙashin bargo. Da yamma kuma lokacin fita ya yi daidai da cin abinci. Wanda ya saba tashin asuba ya ci riba a nan. Ba dole sai ɗaki mai baranda ba; ɗakin ciki marar taga ya fi araha, saman jirgi kuma na kowa ne kuma ana ganin gefe biyu. Mai jin jiri ya zaɓi ɗaki a tsakiyar jirgi, a ƙasa-ƙasa. Cikin fiyod ruwa kwance yake, Tekun Arewa ne ke jijjiga mutum a hanyar zuwa da dawowa.

Kaya kuwa, kalmar bazara ce ke yaudarar mutane. Safiyar Yuli a saman jirgi takan fi asubar Jos a tsakiyar hunturu sanyi, ga iska. Bergen na samun ruwan sama fiye da kwana 200 a shekara. Riguna marasa kauri da za a jera ɗaya kan ɗaya, da rigar ruwa mai hula, da takalmi mai kama ƙasa sun fi babban kwat ɗaya amfani. Laima iska ce ke juya ta. Babbar riga da mayafi mai yalwa a bar su don cin abincin dare.

Musulmi ya warware maganar salla kafin ya tashi, kada ya bari sai ya ga rana tsaye ƙarfe sha biyun dare manhajar waya ta rikice. Malamai sun yi magana a kan wuraren da rana ba ta faɗuwa: wasu sun ce a bi lokacin gari mafi kusa da ake bambance dare da rana, wasu sun ce a bi na Makka. Ya tambayi malaminsa, ya rubuta lokutan a takarda. Alƙibla daga Norwe kudu maso gabas take, jirgi kuma yana juyawa da kwanar fiyod, sai a duba a fara. Abinci ma a sanar da kamfanin tun wajen yin rajista. Kifi yana da yawa, amma naman alade na shiga tsiran Turawa da miya, giya na shiga romo da kayan zaƙi, sai an tambayi mai kawo abinci kai tsaye.

Kuɗin Norwe kurona ne, ba Yuro ba, kuma kusan ko'ina da kati ake biya, har wasu banɗakunan jama'a. A tabbatar katin banki yana aiki a waje, a riƙe na biyu. Yawancin kantuna a rufe suke ranar Lahadi. Ruwan famfo mai kyau ne, gora kawai za a ɗauka a cika. Kuɗin tikiti kuma sau da yawa bai haɗa da ladan ma'aikata da ake ɗorawa kullum a kan kowane mutum ba, da lemo, da intanet. Waya ita ce ta fi yin ɓarna a ɓoye: da jirgi ya yi nisa da gaɓa sai ta kama layin tauraron ɗan'adam na jirgin, wanda kuɗinsa ya ninka na ƙasa sau da yawa. A sa ta a yanayin jirgin sama da zarar an bar tasha, a riƙa duba lissafin ɗaki a talabijin ko manhajar jirgin duk bayan kwana biyu, domin layin masu ƙorafi a teburin karɓar baƙi daren ƙarshe yakan yi tsawo.