Yadda zaka riƙe tankin murjani a besimen ɗin da ba hita

Wannan na 'yan uwa ne mazauna ƙasashen sanyi irin Kanada da arewacin Amurka, inda kusan ko wane gida akwai ɗakin ƙarƙashin ƙasa, besimen kenan. Masu kiwon kifin teku da murjani da yawa can suke kafa tankinsu kuma gaskiya wurin yana da daɗinsa. Daɓen siminti ne, tankin galan 75, wato kusan lita 280, in ka zuba ruwa da duwatsu da yashi nauyinsa na kusan kilo 400, a benen katako sai ka yi ta fargaba amma siminti ko a jikinsa. Da rani ma ba sai ka sayi injin sanyaya ruwa ba. Hunturu ne ke da aiki.

Murjani dabba ce fa, ba tsiro ba, kuma ruwan da take so digiri 25 ne zuwa 26 a ma'aunin Celsius, ba hawa ba sauka. Besimen mara hita kuwa cikin Janairu yakan sauko 12 ko 13. Ni a ganina sanyin ɗakin da kansa ba shi ke kashe su ba, yawan canjin ne, da rana 26 da asuba 23, kwana kaɗan sai ka ga sun tsuke sun daina buɗewa, launinsu ya fara dishewa.

To kafin ka kashe kuɗi a kan hita fara tare zafin kada ya gudu. Ka samo falankin farin soso mai tauri irin wanda ake sawa a bangon gida, ka manna a bayan tankin da gefe biyu, gaba kawai zaka bari don kallo. Ƙaramin tankin tacewa da ke cikin kabad ɗin ƙasa shi ma ka naɗe shi, kuma kar ka ɗora shi kai tsaye a kan siminti, sa soso a ƙarƙashinsa don daɓen nan jan zafi yake dare da rana. Sannan murfi. Yawancin zafin ta sama yake fita tare da tururi, saboda haka murfin gilas ko roba zai rage maka kuɗin wuta sosai, sai dai ka bar 'yar kafa ta iska kuma ka riƙa goge gishirin da ke bushewa a jiki don yana tare hasken fitila.

Yanzu hita. Lissafin da aka saba wat 3 zuwa 5 ne ga ko wane galan, a besimen ka ɗauki na sama. Amma don Allah kar ka sayi ƙato guda ɗaya. Sayi biyu matsakaita, misali wat 200 guda biyu ga tankin galan 75, in ɗaya ta mutu ɗayar zata riƙe ruwan kafin ka lura, in kuma ɗaya ta maƙale a kunne ba zata dafa maka kifi da wuri ba. Ka jona su a na'urar kula da zafi irin Inkbird wadda zata yanke wuta da kanta in ya wuce inda ka saita, ka ajiye wani ma'aunin zafi daban kana gwadawa. Soket ɗin kuma lallai ya zama mai GFCI, wato mai yanke wuta da kansa in ta fara zurarewa, ruwan gishiri da wuta a kan daɓe mai laima ba abin wasa ba ne wallahi.

Laimar nan ita ce abin da mutane ke mantawa. Ruwa mai ɗumi a ɗaki mai sanyi kullum tururi yake, zaka ga tagar besimen tana zufa, kusoshi da kayan aiki sun fara tsatsa, bango ya fara fumfuna. Sa injin tsotse laima. Ruwan da ya ƙafe kuwa da tataccen ruwan RO/DI, wato wanda na'ura ta cire wa gishiri da ma'adinai, zaka cike gurbinsa, ba ruwan gishiri ba, don gishirin bai je ko'ina ba yana nan cikin tanki. Ka riƙe ma'aunin gishirin a 1.025 zuwa 1.026.

In zaka canza ruwa, haɗa sabon tun jiya a bokiti ko durom, ka jefa ƙaramar hita da fanfo ciki ya kwana. Ruwan da ya kwana a kan siminti ba hita sanyinsa kamar na randa da asubar hunturu, in ka juye shi haka nan ka rusa duk ƙoƙarin da kake yi.

Akwai kuma maganar pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, in ya sauka tsami ya ƙaru kenan. Besimen a rufe yake duk hunturu, iskar da muke fitarwa sai ta taru, ruwan ya shanye ta, pH ya yi ƙasa da 7.8. Ja siririn tiyo daga waje zuwa inda injin kumfa mai cire dattin ruwa (skimmer) ke shaƙar iska, sau da yawa wannan kaɗai ya isa.

Wajen zuba dabbobi kar ka yi gaggawa, bar tankin da duwatsu kawai sati huɗu zuwa shida sai amoniya da naitirayit, gubobin da datti ke haifarwa a ruwa, sun koma sifili a gwaji. Fara da masu juriya, murjani masu laushi irin masu kamar laimar kwaɗi da kifin kilawun (clownfish) guda biyu. In ka ɗauko zowantid, wani nau'in murjani mai laushi, sa safar hannu da tabarau, wasunsu na da dafi mai haɗari ga mutum.

Ɗauke wuta ma ka shirya masa tun kaka, don guguwar ƙanƙara kan katse layi. Tanadi fanfon iska mai batir da tsofaffin barguna da zaka lulluɓe tankin gaba ɗaya, iskar shaƙa ce ke fara ƙarewa kafin sanyi ya yi ɓarna. In kana da janareto a waje zaka tada shi nesa da taga ka jawo waya, kar ka kuskura ka kunna shi a besimen ko gareji, hayaƙinsa na kashe mutum cikin barci.